Karen Gwauruwa: Ko Ya Dace Mai Bi Ya Yi Abota da Kare?

 A wannan wata ina so mu yi shawara tare a kan wata magana wadda waɗansu za su ce ba ta isa a ɓata takarda dominta ba. Maganar kare ce. Ni ma da haka na ke tsammani, sai da ta kusa raba kan dattawan wata ekklesiya da na ke kiwo, ta kuma tona wani laifi nawa wanda ban san ina da shi ba.

Ga yadda abin ya faru. A wani ƙauye tsakanin Ikara da Makarfi akwai wata tsohuwa gwauruwa, mai bi ce tun ba a haife ni ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure, ɗanta namiji ɗaya yana aiki a Kaduna. Wata rana ɗan ya zo gaishe ta, ya kawo mata kwikwiyo a cikin kwali. Ba irin karnukan ƙasarmu ba ne, dogayen nan da maharba su ke fita farauta da su. Wannan fari ne mai baƙin tabo a kunne, ko da ya girma bai fi babbar kyanwa da yawa ba. Uwarsa irin ta Turai ce, ubansa kuwa karen unguwa. Ruwa biyu ke nan, ko da ya ke samarin ƙauyen barbarar yanyawa su ke ce masa. Tsohuwa ta sa masa suna Gajere.

Bayan shekara ɗaya sai dattawa uku suka same ni bayan sujada. Suka ce, "Fasto, maganar Iya da karenta ta ishe mu." Suka kawo ƙara uku. Ta fari, almubazzaranci: tana saya masa busasshen kifi, ga marayu a cikin ekklesiya waɗanda ba su ga kifi ba tun Kirsimati. Ta biyu, abin kunya: kare yana kwana a ɗakinta, tana yi masa magana kamar mutum, maƙwabta suna ta surutu. Ta uku, hatsari: yara suna wasa da shi, in ya ciji wani fa? Suka roƙe ni in je in tsauta mata. Na ce su ba ni mako biyu in yi tunani, gama ba a yanke wa mutum shari'a a bayan idonsa.

Wane irin kare ne?

Na fara da binciken asalinsa. Turawa suna kiran irin uwarsa teriya. Sunan ya fito daga kalmar Latin mai ma'anar ƙasa, domin a Ingila da Skotland an yi kiwon waɗannan ƙananan karnuka saboda su shiga rami su koro yanyawa, su kuma kashe ɓeraye a rumbuna da wuraren dawakai. Shi ya sa su ke da gajerun ƙafafu, da yawan haushi, da son tono, ba su kuwa san tsoro ba. Ashe samarin da su ke kiransa barbarar yanyawa ba su sani ba, kakanninsa mafarautan yanyawa ne.

Abin da ya ba ni dariya shi ne, ɗaya daga cikin sanannun irinsu sunan wani mai aikin bishara ya ke amsawa. John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883, limamin ekklesiya ne a ƙasar Devon ta Ingila. A 1819, yana ɗalibi a Oxford, ya sayi wata 'yar karya daga hannun mai tallar madara, daga nan ya shiga kiwon irin da har yau a ke kira da sunansa. A birnin Edinbara kuma akwai siffar wani ɗan kare mai suna Bobby, wanda ya mutu a 1872. Ana ba da labari cewa shekara 14 ya yi yana tsaron kabarin ubangidansa. Waɗansu masana suna shakkar waɗansu sassan labarin, amma siffar tana nan, mutane suna zuwa kallo.

Duk wannan bai amsa tambayarmu ba. Abin da Turawa su ke yi ba shi ne shari'armu ba. A wurinmu kare aiki uku gare shi: gadi, da farauta, da tsaron garke. In ba ya ɗaya cikin waɗannan, sai mu ce mene ne amfaninsa? Mun saba da cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Wato kowace dabba da ke gidanmu, muna jiran nama, ko nono, ko aiki, ko kuɗi daga gare ta. To, dabbar da ba a jiran kome daga gare ta sai zama tare, ko daidai ne mutum ya ɓad da abincinsa da zuciyarsa a kanta? Ainihin tambayar ke nan.

Abin da na samu cikin Littafi

Sai in faɗi gaskiya, yawancin wuraren da Littafi Mai Tsarki ya ambaci kare ba da yabo ba ne. Karnukan ƙasar Isra'ila masu yawon juji ne, masu cin mushe, su ne suka cinye gawar Jezebel. Kiran mutum kare zagi ne a wurinsu kamar yadda ya ke a wurinmu. Dattawana suna da abin kamawa a nan.

Amma ku duba II Samu'ila sura 12. Sa'ad da annabi Natan ya so ya farkad da zuciyar sarki Dauda, misalin me ya kawo? Misalin wani matalauci ne mai 'yar tunkiya guda ɗaya. Ba don nama ya ke kiwonta ba. Tare da 'ya'yansa ta girma, abin da ya ci shi ta ke ci, a jikinsa ta ke barci, ya ɗauke ta kamar ɗiyarsa. Annabin bai ga laifin matalaucin nan ba ko kaɗan. Mai laifi shi ne attajirin da ya dube ta bai ga kome ba sai naman saukar baƙo. Dauda kuwa, wanda ya yi kiwo tun yana yaro, nan da nan ransa ya ɓaci, domin ya san yadda mutum ya ke shaƙuwa da dabba.

Ku duba kuma Markus sura 7, inda wata mace 'yar ƙasar Surofinikiya ta roƙi Ubangiji saboda ɗiyarta. A makarantar Littafi an koya mana cewa kalmar Helenanci da ke wurin tana nufin ƙananan karnuka, matar kuwa ta yi zancensu suna ƙarƙashin tebur inda yara su ke cin abinci. Ashe tun zamanin nan akwai gidajen da ɗan kare ya ke zama a ciki. Misalai 12:10 kuwa ta sa kula da ran dabba cikin alamun mai adalci. Shari'ar Musa ta ba sa da jaki hutun Asabar, ta kuma hana a ɗaure bakin sa yana cikin sussuka. A ƙarshen littafin Yunana ma, da Allah ya ke faɗin dalilin jin tausayin Nineba, ya lissafta dabbobinta.

Saboda haka tausayin dabba ba baƙon abu ba ne ga masu bi. Jam'iyyar hana zaluntar dabbobi da aka kafa a London a 1824, wani limamin ekklesiya ne mai suna Arthur Broome ya tara mutane dominta, har daga baya aka ɗaure shi saboda bashin jam'iyyar. Cikin waɗanda suka zauna taron akwai William Wilberforce, mutumin da ya yi shekaru yana yaƙi da cinikin bayi. Tausayin da ya ji wa bawa bai hana shi jin tausayin doki ba, na doki kuwa bai rage na bawa ba.

Amma akwai iyaka, tana kuwa cikin Farawa sura 2. Allah ya ga zaman kaɗaici bai yi wa Adamu kyau ba. Aka kawo masa dukan dabbobi ya raɗa musu suna, duk da haka ba a sami wanda ya dace da shi a cikinsu ba, sai da aka yi mutum ɗan'uwansa. Dabba tana iya rage kewa, amma ba ta iya cika gurbin mutum. Ubangiji da kansa ya nuna a Matta sura 12 cewa darajar mutum ta fi ta tunkiya nesa. Da wannan makami a hannuna na tashi zuwa gidan Iya, ina ganin na san abin da zan faɗa mata.

A gidan Iya

Na je da la'asar. Tun ban yi sallama ba Gajere ya fito yana haushi kamar zai cinye ni, sai da ta tsawata masa ya koma ya kwanta a bakin tabarmarta. Muka gaisa. Na soma kewaye-kewaye, ina zancen yadda mutum ya fi dabba daraja. Ta bar ni har na gama. Sa'an nan ta ce, "Fasto, ɗana, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma in tambaye ka, yaushe rabonka da gidan nan?"

Na yi lissafi a zuciyata. Tun makokin mijinta ban sake taka gidan ba, shekara biyu da wata huɗu. Na yi shiru.

Ta ce, "Ranar Lahadi ina ganinku duka, muna gaisawa a bakin ƙofar majami'a. Daga Litinin zuwa Asabar ba wanda ya ke jin muryata sai wannan. Da damina zazzaɓi ya kwantad da ni kwana uku, ko ruwa ban iya ɗiba ba. Shi ne ya yi ta haushi a bakin zaure har maƙwabciyata, Musulma, ta ce lafiya kuwa, ta shigo ta same ni. Ita ta dama mini kunu. Dattawan da suka aiko ka, wa ya sani a cikinsu?" Ta kuma nuna mini rumbunta, ta ce tun zuwan Gajere ɓera bai sake yi mata ɓarnar masara ba.

'Yan'uwa, na tafi da wa'azi, na komo da wa'azi, amma ba wanda na tafi da shi ba. A hanya sai na tuna da Li'azaru na Luka sura 16, wanda ya ke kwance a ƙofar mai arziki. Mutanen gidan suna wucewa ta kansa kullum, karnuka kaɗai su ke zuwa wurinsa. Na karanta labarin nan sau da yawa, ban taɓa ganin kaina a cikinsa ba sai ran nan.

Mu auna ƙarar nan uku

Ta fari, almubazzaranci. Maganar tana da nauyi, kada mu raina ta. A manyan birane akwai masu kashe wa kare kuɗin da zai biya wa yaro makaranta, alhali mai gadin gidansu yana kwana da yunwa. Wannan zunubi ne, ba kuwa domin sun ƙaunaci kare ba, sai domin sun ƙi mutum. Amma kan kifi da ragowar tuwo da Iya ta ke ba Gajere ba su ne suka hana marayunmu ƙoshi ba. In za mu yi lissafi, mu yi shi da gaskiya. Nawa mu ke kashewa a kan goro, da katin waya, da ankon biki? Dokin da a ke kiwo a Zariya domin hawa sau kaɗan a shekara ya fi ƙananan karnuka da yawa ci, ba wanda ya ce da mai shi almubazzari. Ma'auni shi ne wannan: in ciyad da dabbarka ya sa ka rufe hannu ga mabukaci, ka yi laifi. In hannunka a buɗe ya ke ga duka biyu, ba mai tuhumarka. Iya kuwa, na bincika, ba ta taɓa fasa kawo mudun hatsinta na baiko ba.

Ta biyu, abin kunya. A nan wajibi ne mu yi hankali. A Ikara da Makarfi da Kudan muna zaune katanga ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya. Da yawa cikinsu sun yarda da karen gadi da na farauta da na kiwo, amma ba su son kare ya shiga ɗaki ko ya lashi tufarsu. Mai bi ba shi da iko ya ce, "Gidana ne, ina ruwan wani?" Bulus ya koya wa mutanen Korinti cewa abu yana iya zama halal amma ya zama sanadin tuntuɓe ga wani. Saboda haka in baƙo ya yi sallama, a ɗaure kare kafin a ce ya shigo. Kada a bar shi ya kusanci tabarmar baƙo, ko randa, ko kwanon da mutane su ke ci. Wannan ba munafunci ba ne, ladabi ne. Zancen yi wa kare magana kuwa, Bafulatani yana kiran shanunsa da sunansu suna amsawa, manomi yana hira da jakinsa a hanyar gona, ba mu ce sun haukace ba.

Ta uku, hatsari. A nan dattawana sun fi ni gaskiya, sun kuwa fi Iya. Na tambaye ta ko an taɓa yi wa Gajere allura, ta ce ba ta san ana yi wa kare allura ba. Ku ji wannan da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare su ke samunsa, wajen kashi 40 cikin 100 kuwa yara ne waɗanda ba su kai shekara 15 ba. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, har ya soma tsoron ruwa, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma ana iya tare shi tun da wuri. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro mai shekara 9, Joseph Meister, da allurar da ya haɗa. A ƙasarmu ma, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Ga kuma asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ba nisa da mu. Masana sun ce in an yi wa karnuka 70 cikin 100 allura a wani yanki, ciwon ya kan daina yaɗuwa. Wanda ya ce yana ƙaunar karensa amma bai yi masa allura ba, ya ajiye wuta a jikin danga ne. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Hakkin da ke kan mai kare

Duk wanda ya sayi rariya ya san za ta zubad da ruwa. Ƙaramin kare ya kan kai shekara 12 ko fiye. Kafin ka karɓi kwikwiyo, ka tambayi kanka ko za ka iya riƙe shi har tsufansa, gama wanda ya sabad da dabba da hannunsa sa'an nan ya kore ta zuwa juji ya ci amana. In ka karɓa, ga abin da ke kanka. Ka kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allurar haukan kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa kamar yadda malamin ya faɗa, ka kuma adana takardar. Ka ba shi abinci da ruwa mai kyau a kwanonsa na kansa. Ka cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsa, yara su wanke hannu bayan wasa da shi. Kada ka ɗaure shi cikin rana yini guda, kada kuma ka sake shi ya bi kajin maƙwabta, gama irin teriya ba su ganin ƙaramin abu yana gudu su ƙyale. In ya yi ɓarna, ka biya ba gardama. In kuwa kowane kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya neman maganin gargajiya ko jiran a ga abin da zai faru.

Akwai kuma hakki na zuciya. Ƙaunar kare tana da sauƙi, domin ba ya musu, ba ya tuna maka laifinka, ba ya neman ka roƙi gafara. Ɗan'uwa kuwa yana yin duka ukun, shi ya sa zama da shi ya ke gyara hali. In ka ga kana gudun mutane kana fakewa da dabba, kana cewa kare ya fi ɗan Adam amana, to, ka binciki kanka. Allah bai ba ka kare domin ka huta da ƙaunar maƙwabcinka ba.

Yadda muka ƙare

Na koma wurin dattawa na faɗa musu duka, har da tambayar da Iya ta yi mini. Aka yi shiru mai tsawo. Biyu suka yarda a bar mata karenta. Na ukun har yau yana cewa kare wurinsa waje, ban kuwa tilasta masa ba, gama ba a kan wannan ceto ya rataya ba. Amma shi ne da kansa ya ɗauki Gajere a kwali a bayan babur ya kai shi aka yi masa allura. Zumuntar mata kuma suka raba kwanaki, kowace rana akwai wadda za ta leƙa Iya. Da muka ƙidaya, sai muka tarad da tsofaffi biyar a ekklesiyar nan da su ke kwana su kaɗai, huɗu daga cikinsu ko kare ba su da shi.

To, amsata ga tambayar ita ce, i, ya halatta mai bi ya riƙe kare domin zama tare, in ya kiyaye hakkin dabbar, da hakkin maƙwabci, bai kuwa sa ta a gurbin mutum ba. Amma Yakubu 1:27 ba kare ta ɗora wa ziyarar gwauraye da marayu ba, mu ta ɗora wa. Saboda haka, ya ɗan'uwana mai karatu, kafin ka tambayi dalilin da ya sa tsohuwar unguwarku ta ke hira da kare, ka yi lissafin rabonka da gidanta. In lissafin ya ba ka kunya kamar yadda ya ba ni, kada ka jira Lahadi. Ubangiji ya taimake mu. Amin.